ƘWAYA BIYU A SHAYIN SAFE

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Masu cewa na kashe Mai Tayil, ban kashe shi ba. Masu zagin matarsa Tela tun shafin baya, ku rage wuta. Ku ji ta bakinta tukuna.

Mun tsaya inda Mai Tayil ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki yana aman jini, abokan aikinsa suka kwashe shi sai asibiti.

*

Kwana biyu ke nan Tela ba ta taɓa keken ɗinkinta ba.

Tana zaune kan kujerar roba a gefen gadon mijinta, jaka a kan cinya, ta rungume ta kamar an ce za a ƙwace. Hantsi ya shigo ta taga ya kwanta kan bargo. Ledar jini ta biyu na rataye a ƙarfe, tana ɗiga a hankali.

Mai Tayil ya rufe ido. Ba barci yake ba. Ta san barcinsa.

Hannunsa ta tsura wa ido. Siminti ya cinye gefen farce, fata duk ta tsattsage. Shekara goma sha ɗaya yana durƙushe a gidajen mutane yana jera musu tayil, gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi.

A ƙasa kan darduma, Inna mahaifiyarsa tana jan carbi. Ta ɗago ta dubi ledar jinin, ta mayar da kai.

"Haka babansa ya fara. Aman jini. Wata huɗu muka yi."

"Inna, don Allah."

"Ni dai na faɗa. Ciwon daji ba ya sallama."

Tela ta ƙara matse jakar.

Katin ƙwaya ne a ciki. Saura huɗu a jiki. Aibufurofen, maganin ciwon jiki da kumburi, irin wanda kowane kemis zai miƙo maka ba tare da ya ɗago kai ba.

Sati goma sha ɗaya, kullum da safe, takan naɗe ƙwaya biyu a guntun ƙyalle, ta murtsuke su da gindin dutsen guga har su zama gari, ta juye a shayinsa, ta ƙara sukari don ɗaci. Shi kuma ba mai karyawa ba ne. Shayi kawai, ya saɓa jaka ya fita.

Bai sani ba. Inna ba ta sani ba. Daga ita sai Allah.

Ba don mugunta ba ne.

Wata takwas da suka wuce mijinta ya daina magana. Ba faɗa suka yi ba. Ba a yi masa mutuwa ba. Kawai ya mutu a tsaye. Ya dawo daga aiki ya zauna ya fuskanci bango. 'Yan biyunsu su hau bayansa, su ja kunnensa, ko motsi. Abinci ya huce a gabansa. Ranar da ta ce masa su je asibiti, an ce ciwon damuwa yana da magani, kallo ɗaya ya yi mata.

"Kin ga na fara tsintar leda a titi ne?"

Daga nan ba ta sake ba. Sai ta bi ta bayan gida.

Yanzu ga inda bayan gidan ya kawo su.

Aka ja labule.

Likita ce. Gajera, da tabarau, fayil a hammata, biro uku a aljihu.

"Mai gado shida, buɗe idon. Na san kana jina."

Ya buɗe.

"Sannu Mama. Sannu uwargida. Ku matso."

Inna ta miƙe da ƙyar tana dafa gado. Tela ta tashi.

"Kyamarar da muka zura masa jiya ta nuna mana cikin tas. Na leƙa lungu-lungu." Likita ta buɗe fayil. "Ban ga alamar daji ba."

Inna ta ƙara matsowa.

"Me kika ce, 'yar nan?"

"Na ce ban ga daji ba, Mama. Gyambo ne, olsa, guda biyu. Mun ɗebi ɗan abu mun tura gwaji don hankali ya kwanta, amma abin da idona ya gani gyambo ne. Jinin ya tsaya. Zai warke da yardar Allah."

Carbin Inna ya faɗi. Ita ma ta bi shi, goshi a ƙasa.

"Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Allah na gode maka! Ba ka haɗa mini biyu ba!"

Tela ba ta san lokacin da hawaye ya zubo ba. Ta dubi mijinta. Ya sauke numfashi mai tsawo, ya kai bayan hannu ya rufe fuska.

Ashe shi ma tsoro yake ji.

Likita ta bar su suka gama. Sannan ta ja kujera ta zauna.

"To. An yi murna. Yanzu sai aiki. Gyambo irin wannan ba daga sama yake faɗowa ba. Mun nemi ƙwayar cutar da ta saba kawo shi, babu. Saura abu ɗaya da nake zargi. Malam, kana shan maganin ciwon jiki?"

"Ina sha."

"Na me?"

"Gwiwa."

"Nawa a rana?"

"Biyu. In aiki ya yi zafi. A wurin aiki kamar alewa ake raba shi, kowa da nasa a aljihu."

"Kullum?"

"Ba kullum ba. Sau uku a sati. Ko huɗu."

Likita ta tauna murfin biro.

"Yana iya yi. Amma ɓarnar da na gani ta fi ƙarfin wannan. Ku ji da kyau, ku duka. In ban san abin da ya huda cikin nan ba, zan sallame shi ya koma gida, abin ya sake huda shi. Kuma ba kowa ne ke dawo mana da ƙafarsa ba."

Tela ta dubi jakarta.

Ta dubi ƙofa. Ta dubi kwandon shara. Kwana biyu tana cewa za ta jefar da katin nan, ta kasa.

In ta yi shiru, aurenta ya tsira. In ta yi magana, mijinta ya tsira.

Ta zuge jakar.

"Likita."

Likita ta juyo.

"Ni ce."

Ta ajiye katin a kan bargo.

"Ke ce me?" in ji Inna.

"Ni nake zuba masa. A shayi. Biyu kullum da safe."

Likita ta ɗauki katin ta juya.

"Tun yaushe?"

"Sati goma sha ɗaya."

"Kafin ya ci wani abu?"

"Ba ya karyawa."

"Inna lillahi!" Inna ta dafe ƙirji. "Ke Tela! Ke da nake cewa ba suruka ba ce, 'ya ce? Me ya yi miki? Me ɗana ya yi miki da za ki riƙa barbaɗa masa abu a kofi?"

"Inna, wallahi..."

"Kar ki rantse mini! Ina can ina zargin iska, ashe macijin a ƙarƙashin katifa yake!"

"Mama, a hankali. Akwai marasa lafiya."

"Ni ma marar lafiyar ce yanzu!"

Tela ta durƙusa. Ba Inna take kallo ba. Shi take kallo. Shi kuma rufin ɗaki.

"Baban Biyu, ka ji ni. Ko bayan haka za ka ce in tafi, ka ji ni tukuna."

Ta ci gaba.

"Wata nawa ka yi ba ka ce mini ci kanki ba. Yaran nan har sun daina tarbarka. Na ce mu zo asibiti ka ƙi. Ran nan ka dawo kana ɗingishi, ka sha wannan a gabana, da yamma na ji ka ce wa yara su zo ka gyara musu kekensu. Kalma biyar. Na ƙirga. Na shiga ɗakin ɗinki na yi kuka."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Kashegari wata mai kawo mini ɗinki ta turo bidiyo a guruf ɗinmu na waya. Wani mutum da farar riga yana cewa bincike ya gano damuwa kumburi ce a jiki, maganin kumburi yana kashe ta. Na kalla sau bakwai. Na ce ai ga shi na gani da idona. Na ce tunda ba ka son maganin da aka kira na damuwa, ga wanda ba a kira ba."

"Garin neman gira," in ji Inna, "kin tashi tsone mini ido gaba ɗaya. Bidiyo! Waya ce ta haife shi?"

Likita ta rubuta wani abu. Ba ta ɗago ba ta ce,

"Akwai wani kuma da ke ba shi irin wannan maganin?"

Inna ta sunkuya ta ɗauki carbinta. Ta kaɗe shi. Ta sake kaɗe shi, alhali ba ƙura.

A karon farko Mai Tayil ya juyo da kai.

"Inna."

"Na'am."

"Ki faɗa ko in faɗa?"

"Me zan faɗa?"

"Jajayen nan."

"Ai waɗannan daban ne."

Likita ta cire tabarau.

"Waɗanne jajaye, Mama?"

"Nawa ne na sanyin ƙashi. In ya biyo gaishe ni da yamma na ga yana jan ƙafa, nakan ba shi biyu. Uwa ce ni, zan zuba ido? Kuma likita ne ya rubuta, da hannunsa!"

"Ya rubuta miki, Mama. Ba shi ba. Suna tare da ke?"

Inna ta kwance bakin zani a hankali, kamar mai fito da kayan sata. Ta miƙa.

Likita ta karanta. Ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Daikulofenak. Yayan wancan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Har ya fi shi zafin hannu. Sau nawa yake zuwa gaishe ki?"

"Ɗana ne mai biyayya," in ji Inna can ƙasa. "Kusan kullum."

Wani sauti ya fito daga kan gado.

Tela ta zabura, ta ɗauka aman ne ya dawo.

Dariya ce.

Mai Tayil ya dafe ciki, fuska a yamutse don zafi, kafaɗunsa na girgiza.

"Wayyo... kar ku kashe ni... Da safe mata, da rana abokai, da yamma uwa. Likita, ki ce masoya ne suka yi mini taron dangi."

"Kar ka yi dariya, cikin bai warke ba," in ji Likita.

"Inna, ɗazu kika ce maciji na ƙarƙashin katifa."

"Rufe mini baki."

"Ashe biyu ne."

"Na ce ka rufe mini baki, ɗan nema!"

Amma ita ma bakinta ya motsa. Ta dubi Tela a durƙushe. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙa hannu.

"Tashi. Laifi tudu ne. Na taka nawa ina hango naki. Tashi, ƙasar nan da sanyi."

Tela ta tashi.

Amma akwai abin da ke cin ta. Ta juya ga Likita.

"Ki yi haƙuri, ba musu nake ba. Na yi kuskure, na yarda. Amma ya yi aiki. Wallahi ya yi. Sati uku da na fara, ya fara cin abinci. Ya fara barci. Ran nan har tsokanata ya yi, ya ce wuyan rigar da na ɗinka masa ya karkace. Wannan fa?"

Likita ta mayar da tabarau.

"Tambayarki ba ta wauta ba ce. Manyan masana ma suna yinta. Gaskiya ne an ga wasu masu ciwon damuwa da alamar kumburi a jininsu. Wasu, ba duka ba. An gwada ba su maganin kumburi. Wani binciken ya ce an ɗan samu sauƙi, galibi in an haɗa da maganin damuwa na ainihi. Wani ya ce babu abin da ya canza. Magana ba ta zauna ba har yanzu. Mai farar rigar nan rabin labari ya ba ku, ya riƙe rabi."

"Wane rabin?"

"Wannan." Ta nuna ledar jini. "Da ƙoda. Da zuciya. Shi ya sa ba za ki ga likita ya rubuta wa mutum aibufurofen don damuwa ya ce je ka yi ta sha ba. Sannan mutumin da gwiwa ta hana barci, in zafin ya lafa, dole fuska ta ɗan saki. Wannan ba warkar da damuwa ba ne."

"To amma sauƙin da ya samu ya fi ɗan sakin fuska."

"Shi ne nake tunani." Likita ta juya. "Malam, tambaya ta ƙarshe. Bayan waɗannan, akwai wani magani? Kowane iri. Na asibiti, na gargajiya, na aboki."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Ya dubi Inna. Ya dubi bango.

"Inna, su Yaya suna can suna kuka. Ki fita waje ki kira su ki ce ba daji ba ne. Nan ciki waya ba ta shiga."

"Af! Ka ga na manta. Yanzu haka sun fara shimfiɗa tabarmi." Ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa, ta waiwayo. "Likita, zancen jajayen nan ya tsaya a ɗakin nan."

"Ya tsaya, Mama."

Ta fita.

Likita ta ce, "Uwargida ma ta ba mu wuri?"

Tela ta ɗauki jakarta.

"Ta tsaya," in ji shi.

Ta tsaya.

"Tela. Jakar aikina na ƙarƙashin gado. Jawo."

Ta jawo. Nauyi. Cokalin siminti, gudumar roba, igiyar awo, duk fari fat da ƙura.

"Akwai gwangwanin madara. Wanda nake zuba 'yan robobin da ake sa wa tsakanin tayil."

Ta samo. Ta buɗe. Ƙananan robobi farare, ɗaruruwa.

"Zuba hannu har ƙasa."

Yatsunta suka taɓa leda. Ta zaro.

Katin ƙwaya biyu, ƙanana. Da katin asibiti, an ninke shi huɗu. Ta warware. Sunansa. Hotonsa. A sama an rubuta, Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa.

Ta karanta. Ta sake karantawa.

Likita ta karɓi ƙwayar.

"Maganin damuwa ne. Tun yaushe?"

"Kwanan wata na jikin katin."

Tela ta duba. Ta ƙirga da yatsu. Ta sake ƙirgawa.

Sati goma sha biyu.

Sati ɗaya kafin ta fara murtsuke ƙwaya da dutsen guga.

"Yauwa," in ji Likita, ta jingina da kujera. "Yanzu kan zaren ya fito. Irin wannan maganin yakan ɗauki sati uku, huɗu, kafin a fara ganin aikinsa. Ga inda sauƙinki ya fito, uwargida. Sannan shi da maganin kumburi ba sa ga maciji a ciki. In aka haɗa su, haɗarin zubar jini yana ƙaruwa. Likitanka na can bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini. Ya ce in rage na gwiwa. Na rage. Da kullum nake sha."

"Kai ka rage, gida suka ƙara."

Tela ta zauna a bakin gado. Katin asibitin na hannunta.

"Ashe ba ni ba ce."

"Ba ke ba ce me?" in ji Mai Tayil.

"Ni da nake ta jin kaina. Kullum in ka yi murmushi in ce aikina ne. Har mai kemis na fara kira na likita."

"Ai ke ce likitar. Kin kusa yi mini tiyata."

"Baban Biyu, ba wasa nake ba. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni na fara ce maka mu je."

Ya kau da kai.

"Shi ya sa."

"Ban gane ba."

"Na ce miki ni ba mahaukaci ba ne. Na faɗa da ƙarfi. Da wane baki zan dawo in ce na je? Kullum in na fita sai na tsaya a bayan shagon mai faci in haɗiye, ko ruwa babu. Kamar ɓarawo."

"A wurina za ka ji kunya?"

"A wurinki na fi ji."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga kan katin, ta yi sauri ta goge da mayafi kar tawada ta ɓaci.

"Ka yafe mini?"

"Wata uku shayinki na ɗaci. Na ɗauka hannunki ne ya lalace. Na ce kar in yi magana in ƙara miki damuwa."

"Ka yafe mini, na ce?"

Ya juyo da tafin hannunsa sama, a kan bargo. Hannun nan mai tsattsagewa.

Ta ɗora nata.

"Ke kina ɓoye ƙwaya a shayi, ni ina ɓoye ƙwaya a gwangwani. Wa zai yafe wa wa?"

Likita ta yi gyaran murya ta miƙe.

"To, amarya da ango, ku saurara. Maganin kumburi ya haramta gare ka, kowane launi, daga kowane hannu. Gwiwa za mu ba ka farasitamol, ka sayi abin ɗaurawa na durƙuso, mu tura ka wurin masu gashin ƙashi. Na damuwar kuma kar ka yanke da kanka. Yau zan yi magana da likitanka na can, mu ga ko a bar shi ko a canza wani. Kuma ciwon damuwa ba hauka ba ne. Ciwo ne. Da ka fito da katin nan tun shekaranjiya, da ka rage mini aiki."

"Na ji."

"Uwargida."

"Na'am."

"Dutsen guga na kaya ne."

"In sha Allah."

Likita ta kwashe katin aibufurofen da jajayen Inna ta zuba a aljihu, ta ja labule ta fita.

Suka saura su biyu.

Wani a gadon can yana tari. Ana tura keken magani a baranda, ƙafa ɗaya na kuka. Tela ta ji yunwa. Rabon da ta ji yunwa ta manta.

Ta gyara masa filo. Ta mayar da robobin cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Katin asibitin ne ba ta mayar ba. Tana ta jujjuya shi.

"Baban Biyu."

"Mm."

"Na san halinka. Kai da ko ƙaya ta soke ka ba ka zuwa kemis sai an ja ka. Ba kai ka kai kanka wurin nan ba."

Ya juyar da fuska bango.

"Wa ya kai ka?"

"Bar maganar."

"Yau babu bar maganar. Yau ranar zazzage jaka ce. Na zazzage tawa, Inna ta zazzage tata."

"Alkawari na ɗauka."

"Wa ka ɗaukar wa?"

Ya lumshe ido. Ya buɗe.

"Baba."

"Wane Baba?"

"Naki."

Ta saki baki.

Mahaifinta. Tsohon direban babbar mota. Mutumin da tun tana yarinya ba ta taɓa ganin haƙorinsa a waje ba. Wanda in ya shigo gida ko kaza sai ta nutsu.

"Babana? Wanda in ka gaishe shi yake amsawa da hanci?"

"Shi."

"Ta yaya?"

"Wata safiya na fito aiki na kasa ƙarasawa. Na kifa bokiti a bakin titi na zauna. Tun safe har azahar. Ban san me nake jira ba. Sai ga shi a kan mashin. Ya tsaya ya kalle ni. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, hau."

"Ka hau?"

"Wa ke yi wa Baba musu?"

"To shi ta ina ya san wurin?"

Mai Tayil ya dubi ƙofa. Ya rage murya.

"Muna shiga, nas-nas suka tashi suna gaishe shi. Ba su tambayi sunansa ba. Fayil ɗinsa suka ɗauko, ya kai kaurin bulo."

"Fayil ɗin wa?"

"Nasa, Tela. Shekara tara yana zuwa. Ko Mamanku ba ta sani ba. Ya ce in maganar nan ta fita daga bakina, ni da shi har abada."



Shekara tara.

Ta buɗe baki ke nan, muryar Inna ta taso daga baranda.

"Ga shi nan ciki, gado na shida! Shigo, shigo, ai mun ga ikon Allah yau!"

Takun takalmi mai nauyi. Taku ne da ta sani tun kafin ta iya tafiya.

"Salamu alaikum."

Aka yaye labule.

Baba bai dubi mai jinya ba. Bai dubi ledar jini ba.

Katin da ke hannunta ya duba.